Ido Ɗaya Ne Ko Biyu?

Mahaifina ya rasu a watan Oktoba na 2022, ana tsakiyar kaka. Ya bar mana gida a Damagaram, da garka a kan hanyar Mirriya, da kare guda. Gidan da garkar daga baya malamai suka raba su yadda shari'a ta ce. Karen kuwa babu wanda ya sa shi a lissafin gado. Da ƙafarsa ya zo gida ranar jana'iza, ya kwanta a zaure inda Baba yake jingine kekensa.

Sunansa Barsu. Wanda ya san Bahaushe da sunan kare ya san ba ya rasa habaici. Lokacin da Baba ya ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, maƙwabtan garka sun yi ta surutu, wai dattijo mai sahun farko a masallaci me zai yi da kare. Baba bai tanka musu ba. Sai ya raɗa wa karen suna, ya zama duk sanda ya ƙwala masa kira sun sami amsarsu. Fari ne, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, irin karnukan nan namu da ba sa ƙiba ko da sun ƙoshi. Shekara shida yana tsare albasa da tumatir daga awaki da masu dogon hannu. Ni dai duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa masa hannu ba. Tsakanina da shi sai "kai, tafi can".

Bayan rasuwar, kullum da asuba sai ya fice. Ya ratsa gonakin da aka girbe har garka, ya yini can, da magariba ya dawo ƙafafunsa da cikinsa duk ƙarangiya. Ba a yi sati uku ba ƙanwata ta lura da wani zane a fuskarsa. Daga kusurwar ido ya taso, ya gangaro gefen hanci, ja-ja mai duhu kamar lallen da ya fara kwana biyu, kuma kullum a jiƙe. A kan farin gashi ba ya ɓoyuwa. Wata gwaggonmu da ta zo gaisuwa ta tsaya a zaure ta dube shi, ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki, kukan maigidansa yake yi." Kafin sadakar arba'in maganar ta zagaye unguwa. Yara na leƙowa su ga karen da ke hawaye. Inna tana cikin takaba, da aka ba ta labari ta yi kuka, amma irin kukan da ke sanyaya zuciya. Ta ce ashe har dabba ta san an yi rashi.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne. Ina da shirin dare duk ranar Alhamis, wanda masu saurare ke bugo waya mu yi hira a kan zaman duniya. A makarantar koyon aikin jarida a Yamai, abin da aka fara cusa mana shi ne kada ka kai wa jama'a magana sai ka ji ta daga majiya biyu. To, majiyata ta farko gwaggo ce, ta biyu kuma zuciyata mai zafin rashin uba. A haka na zauna gaban makirfo na ba da labarin Barsu. Na san aikina, na san inda zan sassauta murya da inda zan yi shiru. Na ce ga kare yana zubar wa maigidansa hawaye har sun yi masa zane a fuska, alhali ga ɗan Adam tun ba a share makoki ba ya fara tambayar takardun gida.

Ban taɓa ganin kira irin na daren nan ba. Layi bai huta ba har muka rufe. Wata Hajiya ta kira ta kasa magana don kuka. Wani ya yanko muryata ya sa a WhatsApp, kwana biyu sai ga ta ta dawo mini daga wani abokina a Agadas, wani kuma ya turo daga Kano. A kasuwar Dole mutane na tsayar da ni su tambayi lafiyar Barsu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ga kamar na yi wa Baba wata karramawa.

A gida kuwa zanen ƙaruwa yake yi. Wurin ya fara wari, ƙudaje na bin sa, karen na goga fuska a bango. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce a sa masa kwalli, wancan ya ce ruwan lemun tsami na cire tabo, wani ɗan bokon unguwa ya ce a goge da ruwan oksijene da ake wanke ciwo da shi. Allah ya taimake ni ban bi ko ɗaya ba. Abin da na yi dai bai fi nasu kyau ba. A cikin kayan Baba na tsinci ragowar maganin ɗigawa a ido da aka taɓa rubuta masa. Na sa wani almajiri ya riƙe mini karen, na ɗiga masa safe da yamma. Kwana biyu jan idon ya ragu. Na ce to, ga shi har na iya likitanci.

Alhamis ta zagayo, na sake taɓo labarin saboda masu saurare sun nema. Bayan mun rufe, mai kula da na'ura ya ce wani dattijo ya ƙi sauka daga layi, ya ce shi ba a iska yake so ya yi magana ba. Na karɓa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, ya ce shi tsohon ma'aikacin kiwo ne, ya yi shekaru yana yawon yi wa shanu allura a daji kafin ya yi ritaya. Sannan ya ce:

"Ɗana, tambaya ɗaya gare ni. Hawayen nan, ido ɗaya ne ko biyu?"

Na yi shiru. Amsar tana bakina, ban dai taɓa tsayawa na auna ta ba.

"Na hagu ne, Baba."

"To, ka taɓa ganin wanda aka yi wa rasuwa yana kuka da ido ɗaya? Gobe ka kai shi a duba. Kada ka bari ta kai jibi."

Kai kare wurin likitan dabbobi a garinmu ba ƙaramin aiki ba ne. Ƴan kabu-kabu biyu suka ƙi ɗaukarmu. Daga ƙarshe wani mai amalanke ya yarda, na zauna a baya riƙe da igiya, mutanen da suka san ni suna kallo suna murmushi. Likitan matashi ne, ya yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar. Ya ce yawancin aikinsa shanu ne da tumaki da raƙuma, kare sai jefi-jefi, shi ma galibi sai ya ciji wani ake kawo shi. Ya ɗaure bakin Barsu da bandeji, ya ɗiga masa maganin kashe zafi a idon, ya jira kaɗan.

A ranar na san cewa kare yana da fatar ido ta uku. Tana ɓoye a kusurwar ido ta wajen hanci, wata ƴar tantani ce da ke shafe ido kamar yadda ake shafe gilashin mota. Likita ya ɗaga ta da ƴar matsefata, ya haska fitila, ya ce in matso. A bayanta ga tsinken ƙarangiya, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ya lafe cikin nama ya kumbura wurin. Duk ƙiftawar da karen zai yi, sai tsinken ya karci idon. Sati nawa ke nan? Na ƙirga a zuci, na ji kunya ta rufe ni.

Bayan ya cire, ya ɗauko wata ƴar takarda mai launin ruwan goro, ya jiƙa ta, ya taɓa idanun biyu da ita. Ya ce sunan rinin fuloresin. A lafiyayyen ido ba ya kamawa, sai inda fatar saman ido ta ɗaye. Idon dama ya fito tas. Na hagu kuwa sai ga wani tabo kore shar a tsakiyar baƙin idon, gyambo ke nan. Muna tsaye, bayan ƴan mintoci, ya nuna mini hancin karen: ɗigon kore ya fito ta ƙofar hancin dama, ta hagu babu komai.

Da wannan ya yi mini bayanin abin da na kwashe makonni ina yi wa waƙa a rediyo ban san shi ba. Ido, na mutum ko na kare, kullum yana yin hawaye don kada ya bushe. Akwai ƴar siririyar hanya da ke kwashe su daga kusurwar ido ta zuba cikin hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Hawaye na gangarowa a fuska ne ta hanya biyu: ko dai wani abu na damun idon yana yin su fiye da kima, ko kuma hanyar ta toshe. Barsu ya haɗa duka biyun, ga tsinke ga kumburi. Launin kuma ba jini ba ne, ba kuma datti ba. A cikin hawaye da miyau da fitsarin kare akwai wani sinadari da ake kira forfirin, wanda ke da nasaba da jan launin jini. Idan ya daɗe yana jiƙa gashi sai ya rina shi, rana kuma ta ƙara masa duhu. Baƙin kare ma yana yi, ba a dai gani. Warin da muke ji kuwa, wani irin funfuna ne da ƙwayoyin cuta da ke samun wurin zama a fatar da ba ta bushewa.

Sai ya tambaye ni ko na sa masa wani abu. Na fiddo kwalbar Baba daga aljihu. Ya karanta, ya dube ni, ya ce akwai kortizon a ciki. Irin wannan magani yana kwantar da ja da kumburi, shi ya sa na ga kamar an samu sauƙi, amma a idon da ke da gyambo yana hana warkewa, yana ba ƙwayoyin cuta dama, har ido kan iya hujewa. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi.

Na tambaye shi yadda mutum zai bambance tabon da ba shi da haɗari da wanda ke bukatar likita. Abin da ya faɗa mini na rubuta a bayan takardar magani, har yau tana nan. In ido ɗaya ne, in abin ya zo farat ɗaya, in kare na runtse ido ko yana susar sa, in baƙin idon ya yi hazo, kada a tsaya gogewa, a kai shi. In kwantsa ce mai kauri, ɗorawa ko kore, tare da majina da tari da ƙin abinci, ana jin tsoron wata muguwar cuta ta karnuka wadda a Faransanci ake kira da sunan likitan da ya gano asalinta a 1905, Carré. Muka yi dariya, don sunan likita ya zo daidai da na majinyaci. In kuwa idanu biyu ne, ruwan garai-garai, kare na cin abincinsa yana harkarsa, sau da yawa ƙurar hunturu ce ko hayaƙi. Wani lokaci kuma gashin ido ne ke juyawa ciki, ko fatar idon ta naɗe, wannan sai an yi ɗan aiki.

Ya rubuta man shafawa a ido mai kashe ƙwayoyin cuta, marar kortizon, sau huɗu a yini. Ya yi wa Barsu allurar rigakafin haukan kare, wadda bai taɓa samu ba. Ya ce in nemi tsohon bokitin roba in yanke gindinsa in sa masa a wuya don kada ya kai ƙafa ga idon. Game da tabon kuwa ya ce babu sabulun da zai fitar da shi, gashin da ya rinu ya rinu, sai dai sabo ya tsiro ya ture shi. Aikina shi ne wurin ya zauna da tsabta kuma a bushe: ruwan gishirin wanke ido na farmasi, in babu a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri giram 9 a bar shi ya huce, a goge fatar da auduga daga kusurwar ido zuwa ƙasa, kowane ido da audugarsa, sannan a tsane da busasshiya. Ba kwalli, ba lemun tsami, ba ruwan oksijene kusa da ido.

Sau huɗu a yini yana nufin dole hannuna ya saba da fuskar kare. Nan Inna ta ɗaga murya daga ɗaki, ta ce yaya zan yi da salla. Ni ma abin ya tsaya mini, sai na je wurin limamin unguwarmu bayan la'asar. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tana da tsarki, kuma littattafan fiƙihu sun ambaci hawayenta da guminta da miyanta a cikin abubuwa masu tsarki, ba su ware kare ba. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don ibada. Ya ce akwai mazhabobin da suka tsananta fiye da haka, kuma wanke hannu bayan an gama ai tsabta ce da hankali ma ke kira gare ta. Ya tuna mini da mutumin nan da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ya ƙara da cewa, "Karen gadi halal ne ajiye shi. Wanda ya ajiye kuwa, za a tambaye shi." Na kawo wa Inna amsa. Ba ta ce komai ba, amma washegari na tarar an tafasa ruwan an rufe shi da faifai.

A wurin aiki wata abokiyar aikina ta shiga intanet ta nuna mini cewa wannan tabo babbar damuwa ce a Turai da Amurka. Can akwai ƙananan fararen karnuka na cikin ɗaki, irin su Maltiz da kanish, waɗanda yanayin fuskarsu ke sa hawaye yawan gangarowa. Ana sayar da hoda da tsumma da ruwa iri-iri don fuskar ta yi fari. Har a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da maganin tabon hawaye mai ɗauke da tailosin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba a amince a yi wannan aiki da shi ba. Na fara yi musu dariya, sai dariyar ta tsaya mini a wuya. Mai hoda yana so tabon ya ɓace don karensa ya yi kyau a hoto, ni kuma na so ya zauna don labarina ya yi daɗi a iska. Dukanmu gashin muke kallo, idon yana can yana ciwo.

Ita ce kuma ta nuna mini wani binciken da aka yi a Jami'ar Azabu ta Japan a 2022, inda aka auna aka ga hawayen kare na ƙaruwa idan ya sake haɗuwa da maigidansa bayan rabuwa ta sa'o'i. Ta ce, "Ka ga, ba ka yi ƙarya duka ba." Na so in riƙe wannan in kare kaina da shi. Amma ɗan danshin ido na murna daban, zanen da ya yi sati shida yana wari a ido ɗaya daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alhamis ta gaba na buɗe shirin da cewa na yi kuskure. Na faɗi tsinken ƙarangiya, na faɗi kwalbar Baba, na faɗi tambayar dattijon, na karanta abin da ke bayan takardar magani sau biyu a hankali. Kira huɗu kawai muka samu. Ɗaya ya ce na ɓata musu labari mai daɗi. Ɗaya ya ce likitocin zamani ba su san gaibu ba. Na uku gaisuwa ya yi. Na huɗu wani mai amalanke ne daga wani ƙauye, ya ce jakinsa ya fi wata guda ido ɗaya na zubar da ruwa, shi ya ɗauka wahala ce ta sa shi kuka, a ina ake samun likitan? Babu wanda ya yanko wannan shirin ya sa a WhatsApp. Muryata ta farko kuwa har yanzu tana yawo, bara ma wani ya turo mini ita, bai san ni ne mai maganar ba.

Ana cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Na daɗe ina jan wannan karin magana a shirye-shiryena, ina ɗaukar kaina cikin masu hankalin. Ban ce Barsu bai ji rashin Baba ba. Da na natsu na tuna, kwana uku na farko bai taɓa abinci ba. Tafiyar da yake yi kullum da asuba zuwa garkar da babu kowa, ita ce ta kai shi cikin ƙarangiyar. In akwai makoki, a ƙafafunsa yake. Ni ban kula da wannan ba, don ba shi da daɗin faɗa kamar hawaye.

Gyambon ya warke cikin sati uku, amma ya bar farin tabo a tsakiyar idon. Likita ya ce da an kawo shi a satin farko, da wuya ya bar alama. Yanzu in aka kira shi ta hagu sai ya juyo da kai gaba ɗaya kafin ya ga mai kiran. Jan zanen ya bi sabon gashi ya tafi kafin azumi. Da hunturu in ƙura ta taso idanun biyu kan ɗan yi ruwa, sai in koma ga auduga da ruwan gishiri, safe da yamma. Da kaka kuma, duk ranar da ya dawo daga daji, sai na tsuguna na cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, na buɗe idanun na duba da fitilar salula.

Garkar ta faɗo a rabon ƙanena, ya ce in mayar masa da karen. Inna ce ta hana. Har yau ba ta taɓa sa masa hannu ba, kuma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan na zaure". Amma in na makara wurin aiki, sai salulata ta yi ƙara, in ji muryarta: "Ka duba idon nan kuwa yau?"

Allah ya jiƙan Baba. Dattijon da ya ƙi sauka daga layi kuma, ban san sunansa ba, bai sake kira ba. In wannan rubutu ya kai gare shi, ko ga wani nasa, ina gaishe shi.